Ta'aziyyar Tanimu Mai Wankin Hula

A garinmu akwai wani mai wankin hula da ake kira Tanimu. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin kansa da kowa, sai fa in ka taɓa Alhaji Sallau Na-Kirya. Shi Sallau mawaƙin gurmi ne, kuma a zamaninsa duk bikin da aka yi a yankin nan bai je ba, to mutane ba sa lissafa shi cikin bukukuwa. Tanimu ya haddace waƙoƙinsa kaf, har da wurin da ya yi tari a tsakiyar baiti a wani tsohon kaset. In yana goge hula da burushi, da kiɗan gurmin hannunsa yake tafiya. Ranar da ya sa waƙa mai sauri, hularka ta fita da wuri. Ranar da ya sa mai jan rai kuwa, sai ka haƙura ka dawo gobe.

Asalin abin, wata shekara ce Sallau ya zo wasa garin, ana liƙi ana turereniya, sai hularsa ƙube ta zame ta faɗa cikin kwata. Tanimu ya tsamo ta, ya tafi da ita, ya wanke, ya sa mata sitaci, ya kawo ta da safe tana tsaye kamar sabuwa. Sallau ya kafa ta, ya leƙa madubin mota, ya juyo ya ce, "Yaya sunanka?"

Ya ce, "Tanimu."

"Tanimu, in Allah ya yarda sai na sa ka a waƙa."

Kafin azahar babu wanda bai ji wannan magana ba a garin, don Tanimu da kansa ya bi rumfa rumfa yana isar da ita.

To, ba a daɗe ba sai ciwon maƙogwaro ya kama Sallau. Ya ajiye gurmi, ya koma birni wurin 'ya'yansa, aka daina jin ɗuriyarsa. Wasu suka ce ya tuba da waƙa, wasu suka ce muryar ce ta tafi ba za ta dawo ba. Shekaru suka yi ta wucewa. Yaran da Tanimu yake goyawa a kan keke lokacin alƙawarin, har ya aurar da wasu daga cikinsu. Amma bai taɓa cire rai ba.

Yana da wani aboki mahauci, Ɗan'azumi, wanda tun suna yara suke tsokanar juna. Shi Ɗan'azumi ya daina ce masa ina kwana. Kullum in zai wuce mayanka sai ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Tanimu, an sa ka kuwa?"

Shi kuma ya ce, "Ana shiri."

"Wannan shiri naku ko gadar gwamnati."

"Ka dai tafi ka yanka akuyarka. Waƙar kirki ba tsire ba ce da za a gasa a tsaye."

Ana nan, sai labari ya ɓulla cewa Sallau ya warke, ya shiga situdiyo, zai fito da sabon kundin waƙoƙi. Gari ya ɗauka. Tsofaffin da suka yi samartaka da waƙoƙinsa suka fara ba da labarin bukukuwan da. Samarin da ba su san shi ba suka shiga tambayar wane ne wannan da iyayensu suke rawar jiki a kansa. Aka sa ranar fitowa aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. Duk lokacin da aka ɗaga, Tanimu ne mai ba da uzuri, kamar da shi ake shawara.

Ranar da kundin ya fito, tun da hantsi Tanimu ya kai memorinsa wurin masu tura waƙa a waya. Ya hana kansa saurare shi kaɗai. Ya sayo goro, ya share gaban rumfa, ya shimfiɗa tabarmi, ya aika wa 'yan majalisarsu cewa bayan la'asar kowa ya zo ya ji da kunnensa. Suka kuwa zo, Ɗan'azumi a sahun gaba. Tanimu ya zura memori a rediyo, ya yi bisimilla, ya danna.

Waƙar farko ta taso da fiyano da gangar kwamfuta. Babu gurmi ko kaɗan. Da muryar ta shigo, sai aka ji ta tana karkarwa kamar mai magana cikin randa. Dattawa suka dubi juna.

Ɗan'azumi ya ce, "Tanimu, wannan Sallau ne ko injin markaɗe?"

"Zamani ne. Ku yi shiru ku saurara."

Suka kasa kunne. Sunaye suka fara wucewa. An ambaci wani attajiri mai gidajen mai, an ambaci wata Hajiya mai sayar da gwal, an ambaci likitan da ya duba maƙogwaron, har da bakaniken da yake gyara wa Sallau mota. Duk sunan da ya fara da "Ta", sai Tanimu ya ɗaga yatsa, sai kuma ya sauke a hankali. Waƙa ta bi waƙa. Goro ya ƙare. Wasu suka fara neman takalmansu.

Ɗan'azumi ya ce, "Wataƙila kana cikin kundi na gaba. In mun kai."

Kafin ya rufe baki, waƙar ƙarshe ta fara. Wannan karon babu fiyano, babu ganga. Gurmi ne shi kaɗai, a hankali, sai muryar Sallau ta ainihi, ta tsufa, ta ɗan dushe, amma tasa ce. Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Sai aka ji yana cewa:

"Na dawo gari ina neman masoyi,
Aka ce da ni ya riga ya wuce.
Allah jiƙan Tanimu mai wankin hula,
Mai cire dauɗa ya bar maka mutunci.
Bai taɓa ɗaga murya ga iyalinsa ba,
Hannunsa a buɗe kamar ƙofar masallaci."

Wani dattijo da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Tanimu, saboda sabo, ya shafa fuska ya ce, "Allah ya gafarta masa."

Ɗan'azumi ya gyara zama, ya miƙa wa Tanimu hannu biyu, ya ce, "Yaya muka ji da haƙuri? Wallahi ban samu labari ba, da na zo jana'iza."

Tanimu ya share ƙwalla da bakin rigarsa. Ya ce, "Kun ji sunana ko ba ku ji ba?"

Suka ce, "Mun ji."

"Waƙa guda sukutum. Mai gidajen man nan baiti ɗaya ya samu."

"Ai shi yana da rai," in ji Ɗan'azumi.

Da ya koma gida, ya tarar da matarsa Tabawa zaune a tsakar gida da waya a hannu, idonta ja. Ashe 'yarsu ta riga ta turo mata waƙar. Tanimu ya ji daɗi a ransa. Ya ce, "Haba Tabawa, ki daina kuka, ba ga ni ba?"

Ta ce, "Na gan ka, Malam. Ba kai nake wa kuka ba. Wancan bawan Allah da aka faɗa nake wa, mai buɗaɗɗen hannu, wanda ba ya ɗaga murya. Ina ma shi aka ba ni."

Kwana biyu abin dariya ne. Daga nan ya fara zama abin damuwa. Mutanen gari sun san Tanimu na nan da ransa, amma mafi yawan masu kawo masa hula 'yan ƙauyukan kewaye ne da direbobin da ke wucewa, kuma su waƙa suka ji. Sai ga su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya karɓar hulunansu kafin a raba gado. Waɗanda suka gane shi suka yi salati suka ja da baya, sannan aka yi dariya. Amma da yawa ba su ma zo ba, sai aike. Sabon wanki kuwa ya ɗauke, don kowa ya koma kai hularsa wani wuri.

Wani tsoho ya zo daga ƙauye, wanda sau ɗaya ya taɓa kawo hula. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'a, sannan ya ƙura wa Tanimu ido ya ce, "Kai ne ƙanin marigayin?"

Tanimu ya buɗe baki zai yi bayani.

Tsohon ya ce, "Kun yi kama ƙwarai. Sai dai shi ya fi ka fara'a."

A can waje kuwa, kundin ya raba kan mutane. Samari suka rungumi waƙoƙin fiyano, suna sa su a wurin biki, suna rawa suna ɗauka a waya. Dattawa suka ce an ɓata musu Sallau. A majalisa ana yi, a mota ana yi, har a wurin aski. Kowa kuma yana jiran abin da Malam Ashiru zai ce.

Malam Ashiru shi ne mai shirin sharhin waƙoƙi a wani gidan rediyo da ake kamawa a yankin, duk ranar Asabar. Mutum ne da bai iya yabo ba. An ce ko tuwo aka kawo masa sai ya faɗi inda aka yi kuskure kafin ya ci. Ranar Asabar ɗin, Tanimu ya kunna rediyo a rumfa, Ɗan'azumi na gefe.

Malam Ashiru ya ce, "Jama'a, mun jira Sallau har gashinmu ya yi fari, sai ya dawo mana da rigar jikansa. Gurmin da muka san shi da shi ya jingine, ya ɗauko fiyano. Muryar da Allah ya mayar masa, ya kai wa kwamfuta ta tauna. Yabon kuwa duk na masu hannu da shuni ne, ka ji ɗaya ka ji duka."

Tanimu ya fara huci.

"Amma," in ji Malam Ashiru, "akwai waƙa ɗaya. Ta ƙarshe. Ni ban san wane ne Tanimu mai wankin hula ba, Allah ya jiƙansa. Amma ina shaida muku, ba don wannan waƙar ba, da na ce Sallau ya koma ya ci gaba da jinya. Ita kaɗai ce ta fito daga zuciyarsa. Rasuwar bawan Allahn nan ita ta dawo mana da mawaƙinmu."

Ɗan'azumi ya ce, "Ka ji. Tunda nake da kai ban taɓa jin ka yi abin da ya amfani jama'a kamar wannan mutuwar ba."

Nan fa Tanimu ya shiga tsaka mai wuya. In ya fito ya shelanta wa duniya yana raye, waƙa ɗaya tilo da ta tsare wa Sallau mutunci ta zama abin dariya, kuma wataƙila a cire ta, sunansa ya tafi da ita. In ya yi shiru, hula ba za ta dawo rumfa ba. Tabawa kuwa ta riga ta faɗa masa nata ra'ayin, cewa ita ba za ta yi takaba da miji yana cin tuwonta ba.

Da aka buɗe layin masu kira, Ɗan'azumi ya danna lambar ya cusa masa waya a kunne. Aka ɗauka.

"Wa ke magana, daga ina?"

Tanimu ya yi niyyar faɗin gaskiya, amma da ya ji muryar Malam Ashiru sai haushin sharhin ya taso masa. Ya ce, "Malam, ni ban yarda da abin da ka faɗa a kan fiyanon nan ba. Alhaji ya san abin da yake yi. Kai ka taɓa riƙe gurmi?"

"Ban taɓa ba. Ban kuma taɓa yin ƙwai ba, amma na san ruɓaɓɓe. Sunanka muke tambaya."

"Tanimu."

"Wane Tanimun?"

"Mai wankin hula."

Malam Ashiru ya ce, "Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. In kana da ja da ni, ka zo da sunanka. Mutum yana kwance a makwancinsa, iyalinsa na saurare, ka ɗauki sunansa kana wasa da shi." Ya katse layin, ya ba masu sauraro haƙuri, ya sake sa waƙar tun daga farko.

Ɗan'azumi ya yi dariya har sai da ya riƙe ginshiƙin rumfa.

Bayan 'yan kwanaki, wata Juma'a da hantsi, Tanimu yana gida yana shirin wanka, sai aka yi sallama a ƙofa. Ya fito da ɗan tawul a kafaɗa. Mota ce a tsaye, ga wani dattijo cikin babbar riga yana dogara sanda, bayansa wani dogo riƙe da ƙullin goro da buhun shinkafa a gefe. Alhaji Sallau ne da kansa, da babban ɗan amshinsa Gambo, sun zo yi wa iyali ta'aziyya.

Gambo ne ya fara gane shi. Ya saki goron, ya koma bayan mota.

Sallau kuwa idonsa ya yi rauni. Ya ce, "Sannunku da haƙuri. Muna neman iyalin marigayi Tanimu."

Tanimu ya durƙusa. Ya ce, "Alhaji, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Marigayin."

Sai da aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, maƙwabta suka taru, Ɗan'azumi ya iso da gudu ko wuƙarsa bai ajiye ba, sannan aka warware zancen. Ashe lokacin da Sallau yake shirya kundin, ya tuna alƙawarinsa, ya aiko Gambo ya nemo mai wankin hular nan na bakin tasha, don a ji sunan mahaifinsa da na garinsu a sa a yabo. Gambo ya zo tasha bai ga rumfa ba. Ya tambayi wani mai shayi.

To, shi Tanimu ya daɗe da tashi daga tasha saboda wahalar ruwa. Ya koma sabuwar unguwar da ke jikin maƙabartar gabas, inda aka haƙa rijiyar burtsatse. Mu kuwa mutanen gari ba ma wahalar da bakinmu, unguwar gaba ɗaya Maƙabarta muke ce mata. Har 'yan acaɓa haka suke kira.

Gambo ya ce, "Ni dai na ce ina Tanimu. Mai shayi ya ce, ai Tanimu ya ƙaura. Na ce yaushe? Ya ce an kwana biyu. Na ce ina yake? Ya ce yana Maƙabarta, gabas, in ka shiga hannun dama. Na ce Allahu akbar, yaya aka yi? Ya ce matsalar ruwa ce."

"Sai ka ce me?" in ji Ɗan'azumi.

"Na zaci ƙoda ce."

Zauren ya kece da dariya, har da matan da ke leƙe ta bayan labule. Sallau kaɗai bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana juya sandarsa. Can ya ce, "Tanimu, na yi maka laifi. Ranar da Gambo ya kawo mini labarin nan ban iya cin abinci ba. Na ce na yi wa mutum alƙawari na bari har ƙasa ta rufe shi. Na kori masu fiyano, na ɗauki gurmi, abin da ya fito ke nan. Yanzu zaɓi naka ne. In ka ce a cire ta, gobe zan sa a cire, in je rediyo da kaina in ce na yi kuskure. Su yi dariyarsu."

Kowa ya zuba wa Tanimu ido. Daga bayan labule Tabawa ta yi gyaran murya, irin wanda maigida yake ganewa.

Tanimu ya dubi Sallau ya ce, "Alhaji, in aka cire ta, me zai rage a kundin?"

Sallau ya ɗago. "Kai ma fiyanon bai yi maka ba ke nan?"

"Ni ban ce ba. A rediyo ma na kare shi."

"Na ji. Ashe kai ne aka katse."

"Ni ne. A bar waƙar nan yadda take, ko harafi kada a taɓa. Hula kuwa, ka aiko mini da naka da na yaranka, ka zauna a rumfata ranar kasuwa mutane su gan mu tare. Wanda ya ga kana gaisawa da ni ya san ban yi nisa ba."

Sallau ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki. Ya kama hannun Tanimu ya riƙe. Da ya ji hankalinsa ya kwanta, sai bakin mawaƙa ya motsa. Ya ce, "Kuma in ka duba, Tanimu, babu ƙarya a cikinta. Dukkanmu can za mu. Lokaci ne kawai bai yi ba. Ranar da ta zo, kai taka waƙar tana nan a shirye, ba sai an jira ni ba."

Tanimu ya gyara tawul ɗinsa a kafaɗa, ya ce, "Haka ne, Alhaji. Mu dai abin da ya ba mu mamaki, shekara da shekaru muna jiranka ba ka zo ba, sai a jana'izata ka riga gawa isowa."